Rimin Samari a Kan Takarda: Yadda Ake Busar da Tsiro Ya Zama Shaida

Darasinmu na wannan karo ya shafi wani ɗan tsiro na daji da ake kira rimin samari, da kuma wata dabara ta masana wadda kowa zai iya koyo a gidansa. Dabarar ita ce a busar da tsiro, a ɗaura shi a kan takarda, a rubuta labarinsa a gefe, ya zama shaida.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. In mutum biyu suna gardama a kan wata ciyawa, ko ita ce ke kashe hatsi, ko ita ce mai magani ya ce a jiƙa, babu mai raba gardamar kamar ciyawar kanta. Sai dai ciyawa ba ta da tsawon kwana. Da iskar hunturu ta buso, sai ta bushe, ta karkaɗe, dabbobi su tattake ta. Wanda ya busar da ita yadda ya kamata, shi ke riƙe da shaidarsa rani da damana.

1. Kamannin rimin samari

Sunan yana da ban dariya. Rimi itace ne mai tsawon gaske, shi kuwa wannan yawanci iyakarsa gwiwar mutum, in ya sami ƙasa mai kyau ya kai cinya. Damana ɗaya yake yi a duniya: ya tsira da ruwan sama, ya yi fure wajen watan Satumba da Oktoba, ya zubar da iri, ya mutu.

Karansa siriri ne, a miƙe yake, yana rassa daga sama. Ganyayensa sirara ne ƙwarai, masu tsini, suna fitowa bibbiyu a kowace gaɓa, wannan yana fuskantar wancan. Furensa ja-ja ne mai haske, ruwan hoda. Gindin furen kamar ƴar siririyar bututu yake, bakinsa kuma ya buɗe gida 4 daidai wa daida. In furen ya faɗi, sai ya bar ɗan ƙwanso mai kamar ƙwallo, cike da iri ƙanana kamar rairayi.

Ana samun sa tun daga Senegal har Sudan da Habasha. Yana fitowa a saura, da gefen gonaki, da kuma ƙasa mai tsakuwa a gindin duwatsu, inda ruwan sama ke gangarowa ya ɗan tsaya kafin ya wuce kwari. Irin wannan ƙasa tana da yawa a Adar, wajen Buza da Keita da Madawa, haka nan a kewayen duwatsun Damagaram. Wanda ke zaune a irin waɗannan wurare ya sa ido da kaka.

2. Danginsa

Masana sun kasa tsirrai dangi-dangi, kamar yadda mutane ke da zuriya. Rimin samari ɗan dangin itacen gahawa ne, wato kafe. Wannan dangi babba ne, yana da iri fiye da 13,000 a duniya. Wani masani Bafaranshe mai suna Jussieu ne ya sa masa sunan Rubiaceae a shekarar 1789.

Muna da ƴaƴan wannan dangi a ƙasarmu. Akwai giyayya da ke bakin tafki da fadama. Akwai gauɗe, da tafashiya, da kurukuru. Cikin ƙananan ciyayi akwai harwatsi, wanda wasu ke kira gogamasu, da alkamar tururuwa. Ga alamomi 3 da ake gane su da su:

Na ɗaya, ganyaye suna fitowa suna fuskantar juna a gaɓa, kuma gefen ganyen sumul yake, ba shi da haƙora.

Na biyu, a tsakanin gindin ganyayen nan akwai wani ɗan kunne ƙarami da ke haɗa su.

Na uku, furen haɗe yake kamar bututu, ɗan itacen kuma yana fitowa a ƙarƙashin furen.

Akwai wani ɗan dangin da ya yi suna a gidajen likita. Shi ne itacen da ake samun kinin daga ɓawonsa, wanda asalinsa duwatsun Amurka ta Kudu ne. A shekarar 1820 wasu masu haɗa magani 2 a birnin Faris, Pelletier da Caventou, suka tace kinin daga ɓawon. To amma a yi hattara. Zama dangin kinin bai mai da rimin samari ko giyayya maganin zazzaɓin cizon sauro ba. Ɗan malam ba lallai ya iya karatu ba. A yau ana fara gwada jini, in an ga cutar sai a ba da maganin da aka haɗa da artemisinin. Yaron da jikinsa ya yi zafi, a kai shi gidan likita a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Haka nan harwatsi. Mutane da yawa suna murza ganyensa su shafa wa makero da wasu cututtukan fata. Ruwansa yana da zafi, yana iya ƙona fata. Kada a kai shi kusa da ido, kada a sa shi a gyambo, kada a shafa wa jariri.

3. Kama da wane ba ta wane

A lokacin da rimin samari ke fure, a lokacin ne ƙuduji ma yake fure a gonakin hatsi da dawa, kuma launin furensu ya yi kama. Mai hange daga nesa yana iya ɗaukar wannan a matsayin wancan. Bambancinsu kuwa babba ne.

Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta ko gaugai, ba ya iya rayuwa shi kaɗai. Saiwarsa tana kama saiwar hatsi ko dawa a ƙarƙashin ƙasa, tana tsotse ruwa da abinci, tun kafin ya leƙo waje. Ganyensa da karansa suna da kaushi. Bututun furensa a lanƙwashe yake, bakin furen kuma ya rabu leɓe 2, na ƙasa mai kunnuwa 3. Tushe ɗaya yana zubar da iri dubbai masu yawa, irin kuma yana iya kwana cikin ƙasa fiye da shekara 10 yana jiran hatsi.

Rimin samari kuwa da saiwarsa yake ci. Bututun furensa a miƙe yake, kunnuwan furen 4 ne, girmansu ɗaya. In an tuge shi, ba za a ga saiwarsa manne da ta hatsi ba. Ciyawa ce kamar sauran ciyayi, noma yana isar ta.

Abin da wannan ke nufi ga manomi a fili yake. Ƙuduji, tilas a tuge shi kafin ya yi iri, a fitar da shi daga gona, a ƙone. Wanda ya bar shi yana tsammanin rimin samari ne, ya shuka wa kansa wahalar shekaru. Ashe sanin tsiro da tabbaci yana da alaƙa da abin da zai shiga rumbu.

Sunaye ma suna rikita mutane. Itace ɗaya wani ya ce bedi, wani ya ce dogon yaro, wani ya ce maina, wani ya ce darbejiya. Wani lokaci kuma suna ɗaya ya hau tsiro 2: ƙudujin hatsi daban yake da ƙudujin wake, na wake ba ya kama hatsi. In an ƙara da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci, sai rikicin ya ƙaru. Wannan ne ya sa masana suka nemi hanyar da za ta tsayar da magana ɗaya.

4. Rumbun busassun tsirrai

Hanyar ita ce ajiye tsiron kansa. Gidan da ake tara busassun tsirrai a kan takardu, Faransawa suna ce masa arbiye. Mu sai mu kira shi rumbun tsirrai. Kowace takarda mai ɗauke da tsiro kuma ita ce samfur.

Dabarar ta daɗe. Wani malamin likitanci a ƙasar Italiya mai suna Luca Ghini, wanda ya rasu a 1556, shi ake jingina wa farkonta. Wasu takardun da almajiransa suka haɗa suna nan har yanzu, shekara fiye da 450, ana iya gane tsirran da ke kansu. A yau akwai irin waɗannan rumbuna fiye da 3,000 a duniya. Na birnin Faris yana da samfur wajen miliyan 8, na Kew kusa da Landan wajen miliyan 7. An ɗauki hoton miliyoyin samfura an sa a intanet, ɗalibi yana zaune a Yamai ko Maraɗi ya duba su. A ƙasarmu ma Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai tana da nata rumbun.

Tun 1753 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Linne, ya daidaita ba kowane tsiro suna 2 da Latinanci, na gida da na yanka. Sunan rimin samari shi ne Kohautia grandiflora. Na farkon ya fito daga sunan Franz Kohaut, wani mai tara tsirrai daga ƙasar Cek ta yanzu, wanda ya rasu a Senegal a 1822 yana kan wannan aiki. A 1829 masana 2 a birnin Balin, Chamisso da Schlechtendal, suka sa wa gidan waɗannan tsirrai sunansa. A 1830 de Candolle na birnin Janeba ya bayyana rimin samari, ya ce masa grandiflora, wato mai babban fure. Ya yi wannan aiki ne da busasshen samfur da aka kawo daga Afirka ta Yamma. Ƙa'idar masana ita ce, samfurin da aka raɗa suna a kansa ana ajiye shi da kyau, duk wanda ya yi shakka ya koma gare shi, kamar yadda ake komawa ga tiyar sarkin kasuwa in an yi gardamar awo.

Da irin waɗannan samfura aka haɗa sunayen Hausa da na Latinanci. Wani likita ɗan Biritaniya da ya yi aiki a arewacin Nijeriya, Dalziel, ya fitar da littafin sunayen tsirrai da Hausa a 1916. A 1976 kuma Peyre de Fabrègues da Lebrun suka fitar da jerin tsirran ƙasar Nijar.

5. Yadda ake busar da tsiro

Kayan aikin ba su da tsada: katako 2 masu faɗi, kwali, tsofaffin jaridu ko takardar buhun siminti da aka kakkaɓe, igiya ko robar taya, wuƙa, fensir, da ɗan littafi.

Na ɗaya, a zaɓi tsiro lafiyayye mai fure, in da hali har da ƴaƴa. Ganye kaɗai ba ya isa a gane tsiro. Ƙaramin tsiro kamar rimin samari, a tono shi da saiwarsa, a kakkaɓe ƙasar. A ƙasa mai tsakuwa saiwa tana saurin tsinkewa, saboda haka a tona da wuƙa, kada a fizge.

Na biyu, a ɗebi 2 ko 3, ɗaya na ajiya, sauran na aikawa. In tushe ɗaya tak aka gani a wurin, a bar shi ya zubar da iri.

Na uku, tun ana wurin a rubuta bayaninsa a littafi, a ba shi lamba, a rubuta lambar a jikin jaridar da za a sa shi.

Na huɗu, a shimfiɗa shi cikin jarida kafin ya yi yaushi. A baza ganyayen kada su hau juna. A juya ganye ɗaya ko 2 domin a riƙa ganin bayansu. A buɗe fuskar wasu furanni. In tsiron ya fi takardar tsawo, a lanƙwasa shi kamar harafin V ko N.

Na biyar, a jera: kwali, jarida mai tsiro, jaridu babu komi, kwali, haka har a gama. A sa katako sama da ƙasa, a ɗaure tamau, ko a ɗora dutse mai nauyi.

Na shida, a ajiye inda iska ke ratsawa. Ana iya fitar da damin rana yana ɗaure, amma kada a shanya tsiron a fili, zai nannaɗe ya karairaye. A sauya jaridun da suka yi laima kowace rana, kwana 3 ko 4 na farko, daga nan sai bayan kwana bibbiyu. In an yi sakaci da wannan, tsiron zai yi fumfuna ya ruɓe. Cikin mako ɗaya ko 2 ya bushe. Alamar bushewa ita ce ya sandare, kuma in an taɓa shi a kumatu ba a jin sanyi.

Na bakwai, a ɗaura shi a kan farar takarda mai kauri. Awon da masana ke amfani da shi wajen santimetir 42 ne a tsaye, 29 a kwance. A ɗinke karan da zare da allura a wuri 3 ko 4, ko a danne shi da siraran takardu da aka shafa wa ƙaro. Kada a yi amfani da kunu ko talge wajen mannawa, suna jawo ƙwari. Irin da ya zube da furen da ya faɗi, a ƙunshe su a ƴar takarda a manna a kusurwa.

6. Takardar bayani

Tsiron da aka busar babu bayani, bambancinsa da harawa kaɗan ne. Bayanin ne ke mai da shi shaida. A kusurwar ƙasa ta hannun dama ake sa shi, kuma da fensir ya fi, domin tawadar bik tana koɗewa da daɗewa. Ga abin da za a rubuta:

Sunan tsiron, da harshen da aka faɗe shi.

Sunan gari mafi kusa, da shiyya, da nisa.

Irin ƙasar: jigawa, fako, tsakuwa, gindin dutse, ko fadama.

Rana da wata da shekara.

Tsawon tsiron, launin furensa, da ƙamshinsa in yana da shi. Wannan yana da muhimmanci, domin jan furen rimin samari yana dusashewa bayan ya bushe.

Ko yana da yawa a wurin, ko jefi-jefi ne.

Abin da mutanen wurin ke yi da shi, da ko dabbobi suna ci.

Sunan wanda ya ɗebo, da lambar samfurin.

Misali: "Rimin samari, da Hausa. Kilometir 2 gabas da gari, a gindin dutse, ƙasa mai tsakuwa inda ruwa ke gangarowa. Tsawonsa santimetir 50. Fure ja-ja mai haske. Yana da yawa. Lamba 7." Sai a ƙara sunan garin da kwanan wata da sunan mai ɗebowa.

Abin da aka gani da ido shi za a rubuta a matsayin gani. Abin da aka ji kuma a ce wane ya faɗa. In ba a tabbatar da sunan ba, a bar gurbinsa, mai sani zai cike.

7. Ajiya

Maƙiyan samfur 3 ne: laima, ƙwari, da hasken rana. A sa kowace takarda cikin jarida, a jera su a kwance cikin adaka mai rufuwa da kyau, a ɗora adakar a kan duwatsu ko benci saboda gara. Kada a juya takardun kamar shafin littafi, a ɗauke su ɗai-ɗai fuskarsu na kallon sama. Ana iya sa busasshen ganyen bedi a ciki, a riƙa dubawa kowane wata, musamman da damana. A da manyan rumbuna suna shafa wa samfura guba, yanzu kuwa yawancinsu na'urar sanyi suke sa su na ƴan kwanaki, sanyin ya kashe ƙwarin. Kada kowa ya fesa maganin ƙwarin gona a adakar da ke ɗakin kwana.

8. Amfaninsa gare mu

In wata baƙuwar ciyawa ta shigo gona, samfur zai isa hannun malamin gona ko da wata 3 ne bayan girbi, ya gane ta, ya faɗi abin yi.

In dabbobi suna mutuwa bayan sun yi kiwo a wani wuri, samfurin abin da suka ci zai taimaki malamin dabbobi. In kuwa yaro ne ya ci wani tsiro jikinsa ya rikice, babu zancen busarwa: a ɗauki yaron da tsiron ɗanye a tafi gidan likita nan take.

Masu maganin gargajiya suna da sani mai yawa, amma da yawansu suna tafiya da saninsu kabari. Suna kaɗai ba ya isar magaji, tun da sunan yana sauyawa daga gari zuwa gari. Tsiron da aka ajiye tare da bayanin mai shi ba ya rikita kowa, kuma masu bincike ba sa gwada ƙarfin wani magani sai sun ajiye samfurin tsiron da suka gwada.

Daga ƙarshe, dajinmu yana sauyawa. Bayan farin 1973 da na 1984, ga ƙaruwar gonaki, dattawa a garuruwa da yawa suna lissafa itatuwa da ciyayin da suka ɓace musu. Samfur mai kwanan wata yana nuna cewa tsiro kaza yana wuri kaza a shekara kaza. Da shi jikoki za su san abin da ƙasarsu ta taɓa fitarwa, su kuma san abin da ya kamata a maido.

Saboda haka, da kakar bana kowace ƙungiyar manoma ta gwada. A fara da 2: rimin samari da ƙuduji, a ajiye su gefe da gefe, manya da yara su riƙa gani. Daga nan a ƙara harwatsi da alkamar tururuwa. A gayyaci dattawa da makiyaya da mata masu ɗibar ganye, domin su suka fi sanin sunaye. Rashin sani ya fi dare duhu. Allah ya ba mu damana mai albarka.

Tambayoyi

1. Faɗi alamomi 3 na dangin gahawa.
2. Ta yaya za ka bambanta rimin samari da ƙuduji?
3. Don me ake sauya jaridu a kwanakin farko?
4. Waɗanne abubuwa ake rubutawa a takardar bayani?
5. Waɗanne tsirrai ne dattawan garinku suka ce sun ɓace?